Gayyar da Aka Kai Gonar Baffa Shitu

Sallama ɗaya zan yi muku, ku rarraba a tsakaninku, don ban zo da doguwar gaisuwa ba. Sunana Luba. A Ƙofa aka haife ni, a Ƙofa na yi aure, a nan kuma nake jiran ranata. Ban taɓa zama a aji ba. Suwaiba maƙwabciyata, wadda ta yi ritaya daga koyarwa, ita take rubuta abin da nake faɗa, kuma mun yi da ita ba za ta shafa wa maganata turare ba.

Ga abin da ya tayar da ni. Tsofaffin 'yan makarantar Midil na yankinmu, waɗanda suka yi aji ɗaya a birni tun Turawa na nan, suna da taron da suke yi duk bayan Babbar Sallah a Tudun Wada. Da can suna da yawa, yanzu saura biyu, sauran kujerun 'ya'ya da jikoki ne suke cikewa. Bana sai yaran suka ce za su ɗauki tarihin ƙasarmu daga bakin dattawan, su watsa a waya. Aka zaunar da Alhaji Maikuɗi, tsohon malamin gona, cikin babbar riga mai aiki har gwiwa. Ya faɗi yadda hanyar mota ta iso, ya faɗi yadda ake auna gyaɗa, ya ce daga Bebeji har Doguwa babu gonar da ƙafarsa ba ta sani ba. Duk na ji a waya bai dame ni ba, tsoho da cika baki ba yau aka fara ba. Can sai ya gyara zama ya yi wata dariya.

“Akwai abokinmu marigayi Abdussalami na Dangora. Ya je Ƙofa ya ga 'yan mata biyu, 'ya'yan wa da ƙani, ya duba da kyau ya zaɓi mai hankalin. Ɗayar, wata Luba, kishi ya kwashe ta, ta juye masa ƙwaryar fura a ka. Ina jin tana nan da rai. Ƙila har yanzu ƙwaryar na hannunta.”

Ranar da aka watsa, kafin la'asar wayata ta fara kuka. Zaituna, 'yar ɗana da ke aure a Kiru, ta turo murya, ina jin hancinta a toshe: “Kaka, wai da gaske ke ce? Tun safe dangin mijina suke ce min jikar mai fura.” Wata kuma ta turo min hoton ƙwarya, ba ko sallama.

To ku gyara zama ku ji yadda aka yi, daga bakin wadda ta ɗauki ƙwaryar.

Saura shekara uku Turawa su tattara, ina budurwa, ina kai tallar fura kasuwar Dangora. Ba zan yi muku ƙarya ba, ni mai kyau ce a lokacin. Zanen saƙi baƙi, fatala ja, murjani a wuya, jigida wadda ba a gani sai dai a ji. Shi kuma Abdussalami, tunda bai aure ni ba ina da damar kiran sunansa ƙarara, ya gama Midil an ba shi koyarwa a elementare. Dogo ne siriri, da gajeren wando na kaki da gwiwoyi kamar na ɗan maraƙi. Kullum ranar kasuwa sai ya jingine kekensa kusa da ni ya sayi fura. Daga baya na gane ko sha ba ya yi, cikinsa ba ya son nono, ɗalibansa yake ba.

“Malam, yau ma furar ce?”

“Ita ce.”

“Ko a ƙara nono?”

“A ƙara.” Sai ya duƙar da kai kamar wanda aka kama da satar kaza.

Mutumin da yake tsayawa gaban yara yana zuba Turanci, a gabana kalma biyu take gagararsa. Abin nan ne ya kama ni, ba agogonsa ba. Da ya fara zuwa zance ƙofar gidanmu, abokin rakiyarsa Maikuɗi ne, ɗan ajinsu, gajere mai jar dara da baki kamar rediyo. Shi zai yi ta surutu, Abdussalami na zane ƙasa da tsinke, ni ina kallon tsinken.

Manya suka shiga maganar, Baba ya ce ya ji, amma shi ba ya ba da 'ya ga wanda bai ga bayansa a duƙe ba. Gare ku 'yan yanzu da ba ku san komai ba sai danna waya: a lokacinmu saurayi yakan tara abokansa su zo su nome gonar uban yarinya a yini ɗaya, da makaɗi da komai. Gayya ke nan. Ranar duk gari ke sanin wane ne ke neman 'yar wane. Kuma saurayi ba ya zuwa ya ce wa suruki nuna min gonarka, sai a ce gado ya zo aunawa. Aboki ake sawa ya gano a asirce. Wa za a sa in ba Maikuɗi ba, wanda hukumar En'e take biya don ya zaga gonaki yana raba iri?

Inna ta so a yi gayyar da samarin Dangora masu ƙwanji. Abdussalami ya ce a'a, 'yan ajinsu za su zo, sun yi alkawari tun suna makaranta duk wanda zai yi aure su za su yi masa. Inna ta riƙe haɓa.

“Waɗannan masu hannu kamar na jarirai? Allah ya sa kada su sare ƙafafunsu a gonar mutane.”

Ranar gayya tun asuba muke kan murhu. Tuwon dawa malmala kan malmala, miyar kuɓewa da man shanu, dambu, ga zakaru biyu da Baba ya yanka yana ƙunƙuni. Furar kuwa ni na dama da hannuna a babbar ƙwaryar Inna mai zane, ta Abdussalami daban ba nono, da zuma. Aka yi min kitso, na sa kwalli har ya yi yawa aka rage. Muka kwashi kaya muka haye rafi zuwa gonar Baba, muka jere a gindin ɗorawa. Baba ya koma can nesa ya zauna kan buzu, wai shi ba ruwansa, amma idonsa na kan hanya.

Hantsi ya fito sai muka ji ganga. Inna ta ce ga su nan. Na gyara fatala. Ganga ta yi ta tashi, amma ba ta matsowa. Rana ta ɗaga, miya ta fara daskarewa, ganga tana nan inda take, a tsallaken rafi.

A tsallaken rafin nan, bakin hanya, gonar Baffa Shitu take, ƙanin Baba. Shi da Baba sun yi shekaru ba sa ga maciji saboda rabon gado, ko a masallaci sahu daban suke tsayawa. Baffa yana da 'ya sa'ata, Turai. Allah ya jiƙanta, ba ta da laifi a wannan magana, sai dai ba ta ƙi ba.

Wata mata da ta zo wucewa da itace a ka ta tsaya ta dube mu, ta dubi tukwane.

“Ku kuma wa kuke jira? Ai 'yan boko na can sun kusa gama gonar Shitu. Har akuya ya kayar musu.”

Inna ta tafi wurin Baba da sauri ta durƙusa.

“Malam, a aika a gaya musu.”

“Wa zai aika?”

“Kai mana. Ɓata suka yi.”

“Ni in aika gonar Shitu in roƙi a zo a yi min noma? Ko ciyawa za ta cinye ni da rai ba zan yi ba.”

Na ce ni zan je. Inna ta damƙe min hannu.

“Ke, budurwa ba ta zuwa kiran saurayi. So kike a yi da mu a garin nan?”

Na ce to. Ta juya tana rufe tuwo, na ɗora babbar ƙwaryar a ka na bi ta bayan dawa. Zane a hannu na haye rafi, laka har ƙauri.

Abin da na tarar, da ba ni aka yi wa ba da na yi dariya har na faɗi. Malamai wajen goma, wannan malamin haraji, wancan malamin asibiti, duk sun zube a inuwa kamar an yi yaƙi. Hannaye sun yi bororo. Wani ya ɗaure yatsan ƙafa da hankici. Kunyoyin da suka yi kuwa, maciji ma ya fi su miƙewa. Amma dai sun gama, kuma sun ci. Ƙasusuwan akuya ne ko'ina.

Za ku ce yaya Abdussalami bai gane ba da ya ga Baffa? To ai haka ake yi. Uba ba ya tarbar saurayin 'yarsa, ƙaninsa ko wansa ke tsayawa. Ya ga Baffa Shitu ya fito da fara'a yana sannunku sannunku, sai ya ɗauka komai na tafiya daidai. Bai san wa da ƙanin ko gaisawa ba sa yi ba, don wannan ba maganar da ake gaya wa baƙo ba ce. Shi kuwa Baffa tun da ya hango kekuna ya gane abin da ya faru. Ya yi shiru, ya aika gida a kama akuya, ya aika a kira Liman da Mai'unguwa wai su zo su sa albarka.

Ina isowa Baffa na tsaye yana magana, da murya yadda za a ji a tsallaken rafi.

“Jama'a ku shaida. Yaron nan ya kawo gayya gonata, ni Shitu. Ya nome, ya ci abincina. Ni ba na mayar da alheri. Na ba shi Turai. Liman, a yi fatiha.”

Na ga Abdussalami ya ɗago kai. Ya dubi Baffa, ya dubi Liman da ya riga ya ɗaga hannu, sannan ya gan ni. Bakinsa ya buɗe. Na tsaya ina jira, wallahi ko tari ya yi da na karɓa. Jama'a suka shafa. Shi ma ya shafa.

Maikuɗi ne ya taso yana karkaɗe wando, ya nufo ni da murmushi.

“Yarinya, kada ki damu. Ai duk gonar gida ɗaya ce.”

Nan na sauke ƙwaryar. Ban yi sauri ba. Na cire faifai, na ɗaga da hannu biyu, na juye masa tun daga jar dara har takalmi. A kan Maikuɗi, ku ji da kyau. Abdussalami ko ɗigo bai taɓa shi ba, don ban ga ya cancanci furata ba. Makaɗi ya ajiye ganga yana riƙe ciki. Na ɗauki ƙwaryar Inna na koma.

Baba da ya ji, bai dake ni ba. Ya ce wanda ya shafa fatiha a gonar Shitu kada ya sake taka masa ƙofar gida. Mahaifin Abdussalami kuma ya ce magana ta wuce gaban Liman, ba za a ce ɗansa ya ci akuyar mutane ya gudu ba. Sau ɗaya muka sake magana, a hanyar rijiya. Ya tsayar da keke, bai sauka ba.

“Luba, an yi fatiha.”

“Na gani. An ɗaure maka baki ne?”

“Liman na wurin. Ga Mai'unguwa.”

“Ni ma ina wurin.”

Ya daɗe yana murza ƙararrawar keken ba tare da ta yi ƙara ba. Na ɗauki tuluna na wuce. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, har Inna ta gaji da lallashi ta koma zagi. Bayan kaka aka kai Turai Dangora. Shekara na zagayowa na auri maigidana, Allah ya haskaka kabarinsa, manomi wanda ya san gonar Baba tun yana yaro. Na zauna lafiya, na haifi na haifa. Ban taɓa neman kowa da wannan magana ba, sai da aka ɗauko ta aka kifa ta a baibai aka watsa wa duniya.

Suwaiba ta jiyo min cewa za su sake zama don ɗaukar kashi na biyu. Na ce a fito min da atamfata ta Makka da farin mayafi. Muka hau mota zuwa Kwanar Dangora, muka sake wata zuwa Tudun Wada, aka ɗora ni a achaɓa ina riƙe da sanda kamar mai zuwa farauta. Ɗan achaɓar ya ce, “Hajiya, biki za a je?” Na ce masa shari'a.

A ƙofar gidan Maikuɗi an kafa rumfa, an jera kujerun roba. Yara sun ɗaga wayoyi. Yana tsakiya yana bayanin yadda aka fara kawo takin zamani. Kusa da shi Malam Sale ne, tsohon malamin asibitin nan, ɗayan da ya rage, kunne ya tafi, yana gyangyaɗi. Na yi sallama na ja kujera na zauna a gabansu.

“Alhaji, ka gane ni?”

“Baiwar Allah, idon ya yi rauni.”

“Luba ce ta Ƙofa. Kwantar da hankalinka, hannuna ba komai.”

Wurin ya ɗauki guɗa da dariya. Wani ɗansa ya taso yana Hajiya a shiga daga ciki a sha ruwa. Na ce a waje aka ɓata ni, a waje za a wanke ni, kuma kada wanda ya sauke waya.

“Tambaya biyu na kawo. Ta farko, a kan wa aka juye fura?”

“Hajiya, abin ya daɗe. Raha ce kawai muke yi.”

Malam Sale ya farka yana me ta ce, me ta ce. Aka kwatsa masa a kunne. Ya washe dasashi.

“Kan Maikuɗi mana. Har cikin kunnuwa. Sai da ƙudaje suka raka mu Dangora.”

Na bari dariyar ta lafa.

“Ta biyu. Abdussalami bai zaɓi kowa ba, kai ka kai su gonar da ba ita ba. Ka faɗa wa yaran nan cewa kai, malamin gona guda, ka kasa bambance gonar Baba da ta ƙaninsa. Ka ce ɓata ka yi, in kama hanya.”

Wata jikarsa ta rufe baki da mayafi. “Alhaji ya ɓata a gona?” Sauran suka kwashe. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Ya buga sanda a ƙasa.

“Ni ban taɓa ɓata a gona ba. Gonar babanki Malam Inuwa tana ƙetaren rafi, jar ƙasa, ɗorawa a tsakiya, gyaɗa ta gabas dawa ta yamma. Ni na kai masa iri da hannuna. Ko ido rufe zan je.”

Dariyar ta mutu. Shi ma sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

“To me ya kai ka ta Baffa?”

Ya yi ta gyara hannun riga, ya ɗora wannan kafaɗa ya sauke waccan. Da ya yi magana, muryar ba ta rediyon nan ba ce.

“Ni na fara ganinki a kasuwar Dangora. Ni na nuna masa ke, don ya ba ni shawara. Sai ya fara sayen fura. Na san Shitu ba zai bari ta wuce shi ba. Na ce in aka ba shi Turai, bayan kaka in turo manyana. Sai kika yi min wanka a gaban jama'a. Da wane ido zan zo?”

Ku da kuke karantawa, na san wasunku har sun fara cewa wayyo. Ku riƙe wayyonku. Ni abin da ya zo min shi ne Baba a kan buzu yana kallon hanya, da tuwon Inna da aka raba wa maƙwabta ana sunkuyar da kai. Na zo neman wawa ne, na tarar da ɓarawo.

Na nuna Malam Sale da sanda.

“Abokinka bai ji ba. Sake faɗa.”

“Hajiya Luba, don Allah.”

“Da ƙarfi. Yadda ka faɗi waccan.”

Ya faɗa. Ya duƙa a kunnen Sale, a gaban 'ya'yansa da jikokinsa da wayoyi, ya ɗaga murya ya ce da gangan ya kai gayya gonar Shitu, Abdussalami Luba yake so, bai zaɓi kowa ba. Malam Sale ya dube shi sama da ƙasa.

“Munafuki. Ashe a banza na sare yatsana.”

Na miƙe, Suwaiba ta kama ni. Na ce wa yaran yadda suka watsa waccan haka za su watsa wannan, kada a yanke ko numfashi, kuma a fara turawa Kiru gidan mijin Zaituna. Har na juya Maikuɗi ya kira ni.

“To yanzu kin yafe?”

“Ban zo da wannan ba.”

Kafin mu iso Kwanar Dangora Zaituna ta turo murya tana dariya, wai uwar mijinta ta ce a gaishe ni da kyau. Muna sauka a Ƙofa wayar ta sake ƙara. Suwaiba ta duba ta ce baƙuwar lamba ce, da hoton tsoho cikin babbar riga, kuma saƙon murya ne mai tsawo, tsawon da ba ta taɓa ganin irinsa ba.

“Inna Luba, in buɗe?”

Na ce ta kife wayar. Tana nan a kife a kan tabarma yanzu haka da nake muku maganar nan, ya sake turo wani ma. Shekara sittin da ɗoriya ya yi yana riƙe da maganarsa, ba yau za ta lalace ba. Ya zauna ya ji yadda jira yake.